Matakan Hemlow Kafin Ƙarfe Huɗu

Ranar Alhamis Glenys ta karye a hannu, kuma ba a kan ruwa abin ya faru ba. Ta fita yawon safe kamar yadda ta saba, ta bi hanyar doki, 'yar hanyar ƙafa da ke gefen ruwa, ta ratsa wata gonar tumaki, ta zo tsallake shingen katakon da ta tsallaka ya fi sau ɗari, sai ƙafarta ta sauka kan jiƙaƙƙen ganye. Kafin ta ankara tana zaune cikin taɓo, tumaki uku sun tsaya suna kallonta suna tuƙa. Ta tsince 'ya'yan itacen da suka zube daga jakarta da hannu ɗaya, ta taka mil biyu ta koma jirgi. Mijinta Alec ne ya yi ihu da ya ga yadda wuyan hannun ya kumbura.

A asibiti aka ɗaure mata hannun dama da filasta tun daga yatsu har gwiwa, aka ce sai bayan mako shida.

Suna cikin bas a hanyar dawowa Alec ya ce, "Glen, Hemlow fa?"

"Na sani," in ji ta, tana kallon taga.

Shekara goma sha tara ke nan suna zaune cikin Marigold, siririn jirgin da in Alec ya buɗe hannuwansa a ciki sai ya kusa taɓa bango biyu. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba yawo suke yi, ba sa wuce mako biyu a wuri ɗaya. In sanyi ya fara shigowa sai su hau matakan ruwa goma sha ɗaya na Hemlow, ɗakunan ruwa masu ƙyamare da ake cika su ɗaya bayan ɗaya su ɗaga jirgi, su ɗaure jirgi a saman tudu, inda akwai famfo da lantarki da mai sayar da kwal, ga likita a ƙauye. Bana an kafa sanarwa cewa ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma za a rufe matakan domin sauya ƙyamare, ba za a sake buɗewa ba sai watan Maris. Duk jiragen da za su hau sun hau tun makon jiya. Su ne suka tsaya, don Glenys ta ce 'ya'yan ƙayar da ke shingen gonaki ba su gama nuna ba. A nan ƙasa kuwa babu komai sai gonaki da laka. Famfo mafi kusa yana mil tara a baya, shi ma a bayan wata gadar da aka riga aka rufe.

Aikinsu a rabe yake, kamar na yawancin ma'auratan da ke zaune kan ruwa. Miji yana tsaye a bayan jirgi da hularsa, hannu a kan sandar tuƙi, yana gaisawa da masu wucewa. Mata tana kan tudu da ƙarfen murɗi, tana ɗaga murafun da ke sakin ruwa, tana tura ƙyamaren da kowannensu ya fi mota nauyi. In ka tambayi mazan sai su ce ai tuƙi shi ne mai wuya. In ka tambayi matan sai su yi dariya su wuce. Sau ɗaya tak Glenys ta taɓa riƙe sandar, a makonsu na farko. Tana son zuwa dama ta tura ta dama, jirgin ya yi hagu, ya daki gada a gaban wani gidan giya cike da mutane. Kwanuka suka zubo daga kanta, mutanen suka miƙe suna tafi. Glenys mace ce da ko a kanti ba ta son a ɗaga murya a kira sunanta. Ta sauka daga jirgin da ƙarfen murɗi a hannu, ba ta sake komawa bayansa ba.

Ranar Juma'a 'yarsu Rhona ta kira daga Leicester.

"Mama, ki tsaya ki ji. Baba ba zai iya yi shi kaɗai ba, gwiwar nan tasa ba ta hawa tsani. Ke kuma ba ki da hannu."

"Ina da ɗaya."

"Ɗaya! Haba Mama. Hunturu ɗaya kawai nake cewa. Ɗakin nan yana da ɗumi, banɗaki a ciki, ba sai kin riƙa ɗaukar tukunyar bayi cikin ƙanƙara kina zuwa zubarwa ba."

"Ni da tukunyata mun saba."

Rhona ta ja numfashi. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika mata ciki, kuma Glenys ta san haka. "To shi ke nan. Lahadi da yamma zan zo da mota. In na same ku a sama, mu sha shayi in koma. In na same ku a ƙasa, ku haɗa kaya. Kin yarda?"

"Na ji," in ji Glenys.

Ta ajiye wayar. Hunturu ɗaya. Haka su Baxter suka ce shekara huɗu da suka wuce, lokacin da matar ta yi ciwon ƙugu. Yanzu jirginsu yana hannun wasu 'yan London, sun shafe shi da fenti ruwan hoda. A shekarunsu, ita sittin da takwas shi saba'in da ɗaya, wanda ya hau tudu domin hunturu ɗaya ba ya dawowa. Kowa a kan ruwa ya san wannan.

Alec yana zaune kusa da murhu yana juya hularsa a hannu.

"Kai za ka buɗe," in ji Glenys. "Ni zan tuƙa."

Ya ɗago kai. "Ke?"

"Ko kana da wata matar a ƙarƙashin gado?"

Da safiyar Asabar suka matsa da jirgin zuwa gindin matakan, Alec ya ce zai koya mata a hanya. Ta tsaya ta riƙe sandar da hagu, shi kuma ya tsaya a bayanta bakinsa bai rufu ba. Tura can. Ba can ba, can. A hankali. Ƙara wuta. Wa ya ce ki ƙara haka? Kafin su yi rabin mil ta shigar da hancin Marigold cikin ciyawar bakin ruwa, agwagi suka tashi suna zage-zage. Alec ya karɓi sandar ya fitar da jirgin da kansa.

Bayan sun ci abincin rana ta miƙa masa sandar dogarawa ta ce ya sa takalmin taɓo.

"Ina za mu?"

"Makaranta, Kyaftin. Yanzu layinka ne."

Suka kama hanyar doki suka fara hawa. Iska tana da sanyi amma rana ta fito, shingayen gefen hanya sun cika da jajayen 'ya'ya, wani manomi yana huɗa can nesa hankaki suna bin bayan motarsa. Ƙasar da aka juya tana ƙamshi. Glenys tana gaba, hannun filasta a rataye a wuya, tana taka hanyar kamar tsakar ɗakinta. A kowane mataki sai ta tsaya.

"Wannan na uku, murfin hagu yana da taurin kai. Ka murɗa baya kaɗan tukuna, sannan gaba. Kada ka yi masa ƙarfi, ya fi ka."

"Na ji."

"Na biyar, in ka rufe ƙyaure ka juya baya sai ya buɗe da kansa. Ka tsaya a jikinsa har ruwa ya danne shi."

A na biyar ɗin akwai tsohon gidan mai gadi da ya rushe, itacen tuffa ne kawai ya rage a tsaye, 'ya'yansa sun zube cikin ciyawa. Ta sa shi ya cika aljihunsa. Da suka kai na shida hanyar ta yi kwana, shinge ya ƙare, kwarin gaba ɗaya ya buɗe a ƙasansu: gonaki kore da ja, hasumiyar coci biyu, jirgin ƙasa ɗan ƙarami yana jan jiki can ƙarshen gani. Alec ya tsaya cak.

"Wannan duk dama yana nan?"

"Kullum."

"Ni sau goma sha tara na wuce nan, bango kawai nake gani da gansakuka."

"To ka kalle ni yanzu. Murfin ƙasa na dama, wannan. In kana sauke shi yakan tsaya saura kaɗan, ka zaci ya rufu. Bai rufu ba. Sai ka ji ya ce ƙwas. Alec, kana ji na?"

"Ƙwas," in ji Alec, idonsa yana kan jirgin ƙasa.

A mataki na ƙarshe suka tarar da Wilf, mai kula da matakan, yana shafa wa wani ƙaton kwado mai. Ya dube su sama da ƙasa.

"A'a! Kyaftin da kansa a kan ƙafa? Me ya faru, ruwa ya kama wuta?"

Da ya ji labari ya daina dariya. Ya dubi filastar, ya dubi tumbin Alec. "Ƙarfe goma zan sauko in buɗe muku ƙasa. Amma duk a cike suke, na gaya muku, sai kun zubar da kowanne kafin ku shiga. Ni kuma dole in tsaya nan in karɓi jiragen 'yan kwangila. Ƙarfe huɗu kwado zai hau. Da ni kaɗai ne, da na jira ku, Glenys, kin sani."

"Ba mu roƙe ka komai ba, Wilf."

"Na ga alama," in ji shi.

Lahadi ta waye da raɓa mai daskarewa a kan igiyoyi. Ƙarfe goma daidai Wilf ya gangaro a kan keke, ya cire sarƙa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma. Alec ya ɗauki ƙarfen murɗi kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ya zubar da ruwan mataki na farko, ya jingina baya da gungumen ƙyaure ya tura. Ƙyauren bai san da zuwansa ba. Ya sake turawa, fuskarsa ta yi ja.

"Da ƙafa, ba da baya ba!" Glenys ta ɗaga murya daga jirgi. "Ka sa diddige a kan bulon nan da aka jera!"

Ƙyauren ya motsa a hankali. Bakin matakin ya buɗe, baƙi, siriri, bai fi faɗin jirgin da taƙi ɗaya ba. Glenys ta tura sandar ba inji wuta. Marigold ta tafi, ta ɗan karkace, ta daki kusurwar bango da ƙarar da ta sa wani abu ya faɗo ya fashe a kicin. Glenys ta rufe ido. Da ta buɗe, babu kowa sai saniya ɗaya a bayan shinge. Ta ja baya, ta daidaita, ta shiga tana gogar bango.

Alec ya rufe ƙyamare a bayanta, duniya ta yi duhu. Ba ta taɓa ganin mataki daga ciki ba. Bangaye biyu masu tsayi suna zufa, ƙananan ganyaye sun tsiro tsakanin bulo, sama ta koma wani dogon ƙyalle shuɗi. Sai ruwa ya shigo da ruri, jirgin ya fara tashi, bulo yana sauka ɗaya bayan ɗaya, har takalman Alec suka bayyana, sannan gwiwoyinsa, sannan fuskarsa yana haki.

"Ɗaya," in ji shi. "Saura nawa?"

"Kai ne ka iya lissafi."

A na biyu ta goge bango kaɗan. A tsakanin na biyu da na uku hannun hagunta ya gaji, sai ta jingina ƙugu da sandar don ta huta, ta ji jirgin ya amsa. Ta matsa ƙugu kaɗan, ya sake amsawa. Ashe ba ya son a yi masa gaggawa ne, sai ka faɗa masa abu ka jira ya yi tunani, kamar Alec. Ta shiga na uku ba ta taɓa komai ba. Alec bai gani ba, yana can yana kokawa da murfin hagu, yana yi masa ƙarfi.

Sha biyu da minti arba'in suka kai na shida. Sun makara kaɗan, amma ba sosai ba. Alec ya cire rigar sanyi, ya cire ta ciki, hularsa ta jiƙe. Ya zubar da ruwa, ta shiga, ya rufe, ya je gaba ya ɗaga murafun sama, sannan ya zauna kan gungume ya ciro tuffa daga aljihu ya juya yana kallon kwari.

Glenys ta san muryar mataki in yana cika. Yakan fara da ruri, ya koma gunaguni, ya yi shiru. Wannan bai bar ruri ba. Jirgin ya tashi rabi ya tsaya, kuma wani abu yana jan sa baya. Ta jira minti biyu tana cewa ko kunnenta ne, don daga ƙasa komai dabam yake. Ta ƙara jira. Sannan ta gane.

"Alec!"

Ƙarar ruwa da ta inji suka haɗiye muryar.

"Alec! Murfin ƙasa!"

Ta ga ƙeyarsa kawai. Ta danna hon da gwiwar hannun filasta, zafi ya ratsa ta har wuya, ba ta ɗaga ba sai da ya taso da gudu yana ɗingishi ya leƙo.

"Na dama! Bai rufu ba!"

Ya je ya murɗa. Ko daga can ƙasa ta ji shi, ƙwas. Amma duk tsawon lokacin nan ruwan yana shiga ta gaba yana fita ta baya, kuma tafkin da ke tsakanin na shida da na bakwai gajere ne. Da jirgin ya ɗan ƙara tashi ta hau kan akwatin kwal ta leƙa. Tafkin ya koma laka, baƙa mai sheƙi, da ɗan ruwa yana kwance a tsakiya. Wani tsohon keke ya fito fili, agwagi suna tafiya a ƙasa suna mamaki.

Alec ya zauna a bakin bango ya zuro ƙafafu.

"Glen, na kashe mu."

"Na ce maka ƙwas."

"Kin ce."

"Ina ce kana ji."

"Jirgin ƙasa nake kallo." Ya share fuska da hula. "Bari in kira Rhona. Kada ta sha wahalar hawa sama a banza."

Glenys ta dube shi. Shekara arba'in da uku da aurensu, ba ta taɓa ganin ya tsufa ba sai yanzu. Ta so ta ce masa babu komai. Maimakon haka ta ce, "Mayar da wayar nan aljihu. Tashi ka je na bakwai. Ka ɗaga murfin sama rabi, na ƙasa rabi, ka bar ruwa ya ratso. Tafkin da ke bayansa dogo ne, rabin mil, ba zai ji ba. Kada ka ɗaga duka, laka za ta toshe mana. Tashi mana, tsoho!"

Ya tashi.

Ruwa ba ya jin roƙo. Ya riƙa hawa a hankali, ya rufe tayar keken, ya rufe sirdinsa, agwagi suka koma iyo. Glenys tana kallon agogo tana kallon bulon gefen tafki. Ɗaya da rabi. Biyu saura kwata. Biyu saura minti biyar, har yanzu saura bulo uku ruwan ya kai inda ya saba kwana. Matakai biyar suna gaba. Ta ɗaga hannu ta kira shi.

"Ya isa! Rufe na sama, zo ka buɗe mini!"

"Bai cika ba! Za ki zauna a laka!"

"Buɗe!"

Ya buɗe. Ta fito a hankali, inji yana bugawa kamar zuciyar mai barci, ta karkata hancin jirgin zuwa hagu, can jikin itatuwan da ke ɗaya gefen.

"Tsakiya!" Alec yana bin ta a hanyar doki yana ɗaga hannuwa. "Tsakiya ake bi! Kowa ya san tsakiya ake bi! Glenys!"

Ba ta ko waiwaya ba. Shekara tara da suka wuce an taɓa zubar da wannan tafkin, kuma ta zauna a kan shingen can da burodinta ta kalle shi tsirara na awa guda. A tsakiya akwai wani faffaɗan dutse da ya faɗo daga tsohon bango. Zurfin yana hagu, inda ruwa ya ci ƙasa a ƙarƙashin saiwoyi. Rassa suka share rufin jirgin, suka tafi da tukunyar fure ɗaya. Ƙasan Marigold ya taɓa laka, ta yi nishi, ta rage gudu har ta kusa tsayawa. Glenys ta rage wuta maimakon ta ƙara, bayan jirgin ya ɗan ɗago, ya zame, ya wuce. A gefen dama, taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, dutsen ya wuce su yana fari-fari.

Alec ya gan shi. Ya sauke hannuwansa.

Daga nan ba su ƙara yin magana mai tsawo ba. Shi ya daina gudu, ya koyi jingina da gungume ya bar nauyinsa ya yi aikin. Ita ta daina tunanin dama da hagu. A na takwas, jirgin yana tashi, ya leƙo ya ce, "Ba ɗan shayi?"

"Matuƙi ba ya barin sanda. Wa ya faɗa?"

"Wani wawa."

Ta tura masa burodi da cuku a kan rufi, ya cinye a tsaye.

Uku da minti ashirin suna gindin na goma. A nan rarar ruwan sama take fitowa da ƙarfi ta wata kwata daga dama, daidai bakin shiga. Duk shekara sai Alec ya daki bango a nan, duk shekara sai ya ce iska ce. Wata shekara ruwan ya juya jirgin ya gicciye shi, suka yi rabin awa suna ja da igiya. Yau ba su da rabin awa. Glenys ta tsaya nesa kaɗan tana kallon ganyayen da ke yawo a kan ruwa, inda suke gudu, inda suke juyawa, inda suke kwantawa. Ta sha kallonsu daga sama tana jiran mijinta ya gama faɗa da iska.

Alec ya buɗe, ya tsaya ya dafa gungume.

Ta ƙara wuta. Ba ta nufi bakin matakin ba, ta nufi kwatar kanta, kamar mai niyyar fasa bango. Alec ya dafe kai. Hancin jirgin ya shiga farin kumfa, ruwan ya kama shi ya tura hagu, daidai gwargwadon da ta ba shi. Ta danna sandar da ƙugu da dukan nauyinta, bayan jirgin ya biyo, Marigold ta miƙe ta shige tsakanin bango biyu ko fenti ba ta bari a jikinsu ba.

"Kai!" Alec ya jefa hularsa sama, ta faɗa ruwa. "Kai! Kun gani? Matata ce wannan!"

Glenys ta ɗaga kai don ta ce masa wa yake tambaya, sai ta ga akwai wanda ya gani. A kan 'yar gadar da ke bisa matakin, Rhona tana tsaye da doguwar rigar sanyi da makullin mota a hannu, bakinta a buɗe.

Huɗu saura kwata jirgin ya shiga na goma sha ɗaya. Wilf yana tsaye a bakin ƙyauren sama da kwadonsa, bayansa jiragen 'yan kwangila biyu cike da katako. Alec ya ɗaga murafu, yana murɗawa yana hutawa. Ruwa ya yi ruri, ya yi gunaguni. Taƙin ƙarshe shi ne mai jinkiri, kuma ƙyaure ba ya buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun yi daidai.

"Saura minti huɗu," in ji Wilf.

"Agogonka yana sauri," in ji Alec.

"Na coci ne. Ka je ka gaya wa fada."

Alec ya jingina da gungume ya tura. Ƙafafunsa suka zame. Ya sake sa diddige a bulo ya tura, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ƙyauren ya yi ɗan motsi ya koma. Ƙarfinsa ya ƙare tun a na tara, Glenys ta sani, da taurin kai kawai ya iso nan. Tana tsaye a bayan jirgi da hannu ɗaya, babu abin da za ta iya yi.

Rhona ta ajiye jakarta a kan ciyawa. Ta zo da takalmanta masu tsini ta tsaya kusa da ubanta ta jingina baya.

"Ta ina ake turawa, Baba?"

"Da ƙafa," in ji Alec yana haki. "Ba da baya ba."

Suka tura. Wilf ya dubi sama, ya dubi 'yan kwangila, ya sa kwado a aljihu, ya zo ya jingina a ƙarshen gungumen.

"Ni hutawa nake yi," ya ce. "Kowa ya shaida."

Ƙyauren ya saki. Wata siririyar hanya ta buɗe, ta faɗaɗa, ruwan saman tudu ya bayyana shimfiɗe har bakin ƙauye, rana tana kwance a kansa. Glenys ta tura sandar wuta. Tana wucewa ƙararrawar coci ta fara bugawa, kuma kafin ta buga na huɗu ta ji sarƙa tana zagaya ƙyaure a bayanta.

Wurinsu yana nan, tsakanin famfo da itacen da ya karkata. Ta kawo jirgin a hankali, ta ja wuta baya, ya kwanta a jikin gaɓa. Ta jefa wa Rhona igiya da hagu. Rhona ta cafe ta tsaya tana kallon turke.

"Zagaya sau biyu. A'a, ta ƙasa. Yauwa. Ja."

Rhona ta ja, ta miƙe tana duba tafin hannunta da ya yi baƙi. Idonta ya ciko, ta yi dariya don kada a gani.

"Mama, akwatuna biyu na kawo babu komai a ciki."

"Bar mini ɗaya. Ina neman wurin zuba dankali."

Alec ya iso a ƙarshe yana jan ƙafa, ya kwanta rigingine a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ƙarfen murɗi a kan ƙirjinsa. Glenys ta kashe inji. Shiru ya sauka, sai kukan hankaki suna komawa gida. A lokacin ne ta ji ƙugunta yana zafi inda sandar ta yini tana danna shi. Ta zauna kan akwatin kwal.

"Rhona, shiga ki ɗora buta. Ki kula, akwai fasasshen abu a ƙasa." Ta leƙa ta gefen jirgi. "Kai kuma, minti biyar na ba ka. Sannan ka tashi ka hura murhu, hunturu a nan za mu yi shi."